Babi na Biyar: Sandar da Inji Yake Gudu a Kanta

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya riƙa gangarowa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, yankin nan ya koyi zama da inji. Shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan kadada 22,000 kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are take kula da shi, ya kawo shinkafa da alkama da tumatir da albasa. A bayansu kuma sai ga injin ban ruwa, da injin casa, da injin gyaran shinkafa, da ɗimbin masu walda da makanikai da suke raya su. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya ratsa Kura ya ga rumfunansu a bakin titi. Mutane ne da za ka kai wa injin da ya mutu murus, su kwance shi, su feƙe sabon shaf, su sa boris, ya tashi.

Irin waɗannan masu sana'a, da kafintocin da suke haɗa gadon amarya da ƙofofi masu zane, da matasan da suka karanta fasaha a Wudil ko Jami'ar Bayero, su ne suka fi cancanta su haɗa injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, wanda aka fi sani da CNC. A babin da ya gabata mun tsara girman teburinsa da irin aikin da zai yi. Yanzu mun iso ga sandunan ƙarfen da kan injin yake zamewa a kansu, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa. A nan ne ƙwarewar gida takan yaudari mai ita, domin tambayar da shaf ɗin injin casa yake amsawa daban take da wadda sandar injin sassaƙa take amsawa.

Ƙarfi daban, tsayuwa daban

Mai haɗa injin casa yana tambaya ne: wannan shaf zai karye? Idan ya jure bugun damin shinkafa wuni guda bai karye ba, bai murɗe ba, ya ci jarrabawa. Ko ya ɗan lanƙwasa da rabin milimita a cikin aiki, babu wanda zai gani, shinkafa kuma za ta casu. Injin sassaƙa ba haka yake ba. Kwamfuta tana ba da umarni cewa bakin wuƙa ya shiga katako zurfin milimita 3, tana kuma ɗauka cewa an yi yadda ta ce. Ba ta da idon da za ta ga sanda ta saɓa. Idan sandar ta lotsa da milimita guda a tsakiya, zanen da ke tsakiyar ƙofa zai fi na gefe zurfi, da'ira za ta fito kamar an matse ta, haɗin katako biyu zai ƙi shiga ko ya yi sako-sako. Sandar ba ta karye ba, ko kusa da karyewa ba ta yi ba, amma aikin ya lalace.

Saboda haka tambayoyi biyu ne a gaban mai zaɓe, kuma wajibi ne ya raba su. Ta farko: nawa sandar za ta lanƙwasa idan nauyi ya hau ta? Wannan magana ce ta kauri da tsawo da inda aka tallafe ta. Ta biyu: yaushe fuskarta za ta cinye a ƙarƙashin boris? Wannan kuma magana ce ta irin ƙarfen da taurin fatarsa. Yawancin asarar kuɗin da ake yi a wannan mataki daga gauraya tambayoyin nan biyu take fitowa.

Lissafin kauri da tsawo

Manomin rani ya san cewa falankin da zai ɗora a kan ƙaramar kwatar gona ya taka ya wuce lafiya, idan ya ɗora irinsa a kan magudana mai faɗi zai lotsa da shi har ruwa. Injiniyoyi sun daɗe da mayar da wannan sani lissafi, kuma dokoki biyu ne suka fito. Idan ka ninka tsawon sanda sau biyu, lanƙwasarta a tsakiya tana ƙaruwa sau 8. Idan kuwa ka ninka kaurinta sau biyu, lanƙwasar tana raguwa sau 16. Waɗannan alƙaluma biyu, 8 da 16, sun isa su shiryar da mutum a kasuwa ko da bai riƙe komai ba sai su.

Mu ɗauki misali. Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1, an ɗora bakinta biyu a kan matokarai, an rataya nauyin kilo 10 a tsakiyarta. Kilo 10 ba wani abu ba ne: injin da ke juya wuƙa, da farantin da ke riƙe da shi, da boris, da turjiyar katako lokacin yanka, nan da nan suke kai wannan. Ga abin da lissafi yake bayarwa:

Sanda mai kaurin milimita 12 za ta lotsa da kusan milimita 10.
Mai milimita 16 za ta lotsa da kusan milimita 3.2.
Mai milimita 20, kusan milimita 1.3.
Mai milimita 25, kusan rabin milimita.
Mai milimita 30, kusan rubu'in milimita.

Tun da sanduna biyu ake jerawa su raba nauyin, ana iya raba kowanne daga waɗannan alƙaluma gida biyu. Idan kuma an ɗaure bakunan sandar tamau a cikin matokarai masu ƙarfi, lanƙwasar takan ƙara raguwa, a lissafi har zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ko da yake ɗaurin da ake yi a rumfa ba ya kai wannan matsayi. Duk da haka abin lura a bayyane yake. Tsakanin milimita 16 da 20 ido ba ya ganin bambanci sosai, hannu ma idan ya ɗaga ba zai ce komai ba, amma ta biyun ta fi ta farkon tsayuwa kusan sau biyu da rabi.

Yanzu a rage tsawon zuwa rabin mita. Sandar milimita 16 da ta ba mu 3.2 ta koma 0.4, ta milimita 20 kuma ta koma 0.16, wato kaurin takardar rubutu ɗaya da rabi. A santimita 30, wanda shi ne abin da ake buƙata a sashen da ke hawa da sauka, lanƙwasar sandar milimita 16 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ashe sanda guda tana iya zama daidai a wani sashe na injin, ta zama asara a wani sashen.

Wanda yake mafarkin injin da zai ɗauki cikakken falen katako, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato milimita 1,220 da 2,440, sai ya tsaya ya dubi wannan. A tsawon mita 2 da rabi, sandar milimita 25 za ta lotsa fiye da milimita 8 da wancan nauyin. Kafin a dawo da lanƙwasar zuwa rubu'in milimita sai an nemi sanda mai kaurin milimita 60, wadda kowace mita tata ta haura kilo 22. Sannan ita kanta, ba tare da an ɗora mata komai ba, nauyin jikinta zai sa ta lotsa da kusan milimita guda. Wannan hanya ba ta ɓullewa. Doguwar sanda ba kauri take nema ba, tallafi take nema.

Sanda mai shimfiɗa a ƙarƙashi

Maganin da masana'antu suka samo shi ne a kwantar da sandar a kan gindin alminiyom tun daga farkonta har ƙarshenta, a ɗaure gindin da noti a jikin firam. Irin wannan ake sayarwa da sunan SBR16 da SBR20, lambar tana nuna kaurin sandar. Boris ɗinta a buɗe yake ta ƙasa domin ya wuce ta kan gindin. A nan sandar ta daina ɗaukar kaya ita kaɗai, aikinta ya koma shiryar da hanya, nauyin kuma ya sauka a kan abin da aka ɗaure ta a kai.

Wannan ya mayar da magana hannun mai walda. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, mai kaurin bango milimita 3, ya fi cikakkiyar sandar milimita 20 tsayuwa fiye da sau 25, alhali nauyinsa bai kai ninki biyu nata ba. Dalili shi ne ƙarfen da ke nesa da tsakiya shi ne yake turje wa lanƙwasa, na tsakiyar kuwa nauyi ne kawai. Ko zagayayyen bututu mai milimita 25 da bango milimita 2 ya ɗara cikakkiyar sandar milimita 20 tsayuwa, da ƙasa da rabin nauyinta. Wancan bututu mai kusurwa huɗu kuwa shi ne wanda ake ƙera ƙofofi da rumfuna da shi kullum, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano cike take da shi. Sai dai a dubi kaurin bangon da ma'auni, kada a dogara da abin da aka faɗa da baki.

Hatsarin da ke nan shi ne zafin walda. Duk mai sana'ar ya san ƙarfe yana janyewa wajen da aka ƙona shi. Sanda mai gindi ba ta da ra'ayin kanta, idan firam ya karkace za ta bi shi ta karkace. Don haka a yi walda a gajerun ɗigo, ana sauya gefe, a bar ƙarfe ya huce, sannan wurin da sandar za ta kwanta a daidaita shi da siraran ƙarafa a ƙarƙashi har ya miƙe. Ita kanta sandar kada wuta ta kusance ta. Da noti ake ɗaure ta.

Sama da wannan akwai dogo mai kusurwa, wanda kamfanin THK na Japan ya fara fitarwa a 1972, kuma kamfanin HIWIN na Taiwan ya yi suna da shi, irin su HGR15 da HGR20. Shi ne manyan injinan masana'antu suke gudu a kai. Ya fi kowace zagayayyar sanda tsayuwa, amma ya fi tsada, kuma ba ya yafe kuskure. Firam ɗin da ya ɗan karkace zai sa shi ya cije. Zagayayyar sanda mai gindi tana haƙuri da ƙaramin kuskure, shi ya sa ta fi dacewa da injin farko na mai haɗawa a rumfa.

Wane irin ƙarfe

Akwai wani zato da ya zama ruwan dare: cewa ƙarfe mai tauri ya fi jure lanƙwasa. Ba haka ba ne. Rodin gini, da shaf ɗin inji, da ƙarfen da aka gasa aka tsoma har magagari ba ya kama shi, idan kaurinsu da tsawonsu ɗaya ne, da nauyi ɗaya za su lotsa kusan daidai da juna. Tauri yana hana ƙarfe cinyewa, yana kuma hana shi lanƙwashewa ya zauna a haka, amma ba ya rage ɗan saɓawar da yake yi ya dawo. Ƙarfen sitenles ma bai fi ba, ya ɗan gaza kaɗan. Alminiyom kuwa yana lotsawa kusan sau uku na baƙin ƙarfe. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi sanda mai tauri don ta daina lotsawa ya sayi maganin wata cutar daban.

Amfanin tauri yana wajen boris. Boris mai zamewa a kan sanda, wanda wani Ba'amurke mai suna John Thomson ya ƙirƙiro a 1945, cike yake da ƙananan ƙwallayen ƙarfe masu tsananin tauri. Kowace ƙwallo tana taɓa sandar ne a ɗan ɗigo guda, duk nauyin ya taru a wurin. Idan fatar sandar ba ta kai su tauri ba, sai su tona mata layuka a tsawonta, injin ya fara girgiza, zane ya fara fitowa da gargada. Sandar da aka yi domin wannan aiki ana gasa fatarta da wutar lantarki har ta kai tauri kusan 60 a ma'aunin Rockwell, a goge ta daidai kauri, galibi a shafe ta da kurom. Lambar boris tana bin kaurin sandar: LM16UU na milimita 16, LM20UU na milimita 20. Haruffan UU suna nufin akwai robar tare ƙura a bakinsa biyu.

Sauran abin da hannu yake iya kaiwa gare shi kuwa, kowanne da hukuncinsa. Rodin gini, ko mai santsi ne, ba a zagaye yake sosai ba, kaurinsa yana sauyawa, kuma yana da laushi. A bar shi wa gini. Bututun sitenles na baranda da matakala yana da ƙyalli, amma bangonsa siriri ne, kuma irin ƙarfensa ba ya karɓar tauri ta hanyar gashi. Sandar haidirolik ta tsohuwar tarakta ko katafila tana ruɗar mutane, domin a miƙe take, ga kurom yana walƙiya. Amma da yawa daga cikinsu ƙarfen da ke ƙarƙashin kurom ɗin ba a taurara shi ba, ƙwallayen boris sai su fasa ɓawon su shiga. Irin wannan sanda tana aiki da kyau idan aka haɗa ta da bushin tagulla ko na roba mai santsi, wanda yake raba nauyi a faɗin fuska, kuma masu injin feƙe ƙarfe za su iya yin sa daidai kaurinta. Haka ma bututun shokozoba na gaban babur, wanda gajartarsa ta dace da sashen hawa da sauka. Sandunan tsofaffin firinta sirara ne, sun isa ƙaramin injin zana allon lantarki ko rubutu a kan roba, ba su isa katako ba.

Akwai kuma hanyar masu ƙaramin jari: bututun ƙarfe zagayayye, da ƙananan boris masu lamba 608 guda uku suna kewaye da shi suna birgima. Wani injin da ya yaɗu a duniya tun 2015 mai suna MPCNC a kan bututun wayar lantarki yake gudu ta wannan dabara. Tana aiki a kan katako mai laushi da roba matuƙar ba a tsawaita injin ba, kuma a hankali boris ɗin yana shata layi a jikin bututun, sai a juya shi ko a sauya. Ga mai koyo hanya ce mai kyau. Ga wanda zai karɓi aikin ƙofofin mutane kuwa, araha ba ta ado.

Ƙurar Kura da raɓar damina

Littattafan da suke zuwa da waɗannan kaya an rubuta su ne domin ɗakunan aiki masu rufi da tsabta. Rumfar da ke kusa da injin gyaran shinkafa wata duniya ce. Ɓuntun shinkafa yana ɗauke da sinadarin yashi mai yawa, shi ya sa yake cinye ƙarafan injinan da ke sarrafa shi. Ƙurar hunturu ma daga Disamba zuwa Fabrairu ba ta barin ko'ina. Idan wannan ƙura ta haɗu da giris a kan sanda, ta zama abin goge ƙarfe, kowace tafiya ta injin tana cin sandar da boris tare. Daga Yuni zuwa Satumba kuma sai laima, musamman a ƙasar da ruwa yake kwance a gonaki, sandar da ba ta da kurom ta kwana biyu ba a shafe ta ba sai tsatsa ta fito mata.

Saboda haka a wannan yanki kurom ba ƙawa ba ne, larura ce. A sa sandunan a inda garin katako ba ya zubo musu kai tsaye, a gefen firam ko a ƙarƙashin murfi na kwano ko tamfol. A ɗaura ɗan ƙyallen bargo a gaban kowane boris ya riƙa share hanya. A goge sanda a ƙarshen kowane wuni, a shafa mai tsabtatacce kaɗan. Baƙin man da aka juye daga injin ban ruwa cike yake da garin ƙarfe, kada ya kusanci boris. Zafin rana ma yana da nasa: mita guda ta baƙin ƙarfe tana ƙara kusan rubu'in milimita idan zafi ya ƙaru da digiri 20, alminiyom kuwa kusan ninki biyun haka. Injin da rana take dukan gefensa guda zai karkace kafin la'asar, don haka inuwa tana cikin kayan aikinsa.

A gaban mai sayarwa

Gwaji huɗu ne za a yi kafin a biya kuɗi, kuma babu mai buƙatar kayan tsada. A mirgina sandar a kan gilashi mai kauri: idan tana tafiya tana tsalle, ko haske yana shiga ƙarƙashinta yana fita, a karkace take. A auna kaurinta a wurare da yawa, ana juya ta. A goga magagari a kusa da bakinta: idan ya zame, fatar tana da tauri, idan ya kama ya ci, mai laushi ce. Sannan a zura boris ɗin da za a yi aiki da shi, a ji ko yana tafiya sumul ba tare da kaɗawa ba. A sayi sanda da boris tare, domin akwai masu awon inci a kasuwa, kuma inci 1 milimita 25.4 ne, ba 25 ba. Sanda mai tauri zarto ba ya yanka ta, sai dutsen yankan ƙarfe, a hankali, ana sanyaya ta.

Shawarar wannan babi a taƙaice ita ce: a sashen hawa da sauka, milimita 16 ta wadatar. A injin da tafiyarsa ba ta wuce rabin mita ba, milimita 20 mai tauri, a ɗaure bakunanta da kyau. Da zarar tafiya ta doshi mita guda, a bar sandar da ke rataye a koma mai gindi, a zuba kuɗin a firam. Idan jari bai kai ba, a rage girman injin, kada a rage kaurin sanda. Ƙaramin inji mai yanka daidai zai sassaƙa allunan gado da ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ya biya kuɗin babba. Babban inji mai lotsawa kuwa katakon mutane zai ɓata.

Sanduna biyu masu kyau ma ba su da amfani idan ba su jeru daidai da juna ba. Yadda ake kafa ta farko a matsayin uwa, a bar keken da ke ɗauke da kan injin da kansa ya nuna wa ta biyu mazauninta kafin a ƙarasa ɗaure notuna, shi ne aikin babi na gaba.